Lakar Tabkin Ɗan Bakan Gizo

Shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwan sun gauraye mini a kai, amma ranin da aka kwashe lakar tabkinmu ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Kafin Nasara su shigo Tasawa ne, shekarar da na dawo daga karatu a Katsina.

Gabas da ƙauyenmu akwai wani tabki mai ƙafewa ƙaf da rani. Da damina ta sauka sai wani ɗan kifi ya bayyana a ciki, bai kai yatsa ba, jikinsa ja da shuɗi da kore. Ɗan bakan gizo muke ce masa. Ban ga irinsa a wani ruwa ba, ko da yake ban zaga duniya ba. Ba a cinsa. Na farkon da aka kama, a ƙwarya ake kai shi gida gida tsofaffi su gani, sannan a maida shi ruwa. Lakar tsakiyar tabkin kuwa ba a taɓa ta, don manya sun ce ƙwansa na kwance a ciki yana jiran ruwa.

Gwaggona ƙafafu sun riga sun ƙi ta. Tun da rani ta sa aka wanke ƙwaryarta. "Allah ya nuna mini ɗan bakan gizo bana, ɗan nan, sai in tahi," haka take ce mini.

Sai ƙanen mai gari ya turo magina ɗibar laka. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga laka a gefe, a bar ta tsakiya mana."

Ya yi dariya. "Malam, duk zamanka a Katsina kifi ka karanto? Ta tsakiya ta fi danƙo."

Da ganuwa za a yi saboda mahara, da na yi shiru. Ɗakin awaki ya gina da ita! Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Damina ta zo, tabki ya cika ya batse. Na yi ta kutsawa cikin ruwa da ƙwarya, ba komai sai 'ya'yan kwaɗi. Kullum Gwaggo ta leƙa ƙwaryar ta ce, "Sake dubawa gobe." Kafin a yanke gero ta rasu.

Ba zan rantse ɗibar lakar ce kaɗai sanadi ba, Allah ne masani, amma kifin bai ƙara fitowa ba. Abin da na koya shi ne, abin da manya suka ce a bari, a tambayi dalili kafin a sa masa hannu. Wanda ya ga ranin nan, in na yi kuskure ya aiko a gyara mini. In kuma wani ya ga kifin a wani tabki, don Allah ya faɗa mini. Ƙwaryar Gwaggo na nan a wurina.