Gabas ko Yamma, Baba?

Wautata ita ce duk abin da na ji a wajen aiki sai na kai shi gida na yi wasa da shi.

Aikin kuwa kai shayi ne a filin jirgin Khartum, har can saman hasumiya inda masu ba jirage izinin tashi suke zama. Allona bai wuce ƙananan surori ba, Turanci kuwa babu, amma kunnena ya riƙe wata tambaya da suke maimaitawa kafin jirgi ya motsa. Na tambayi wani dogo a cikinsu mai son sukari, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, cewa muke matuƙi ya tabbatar mana inda zai juya in ya tashi. Ko mun sani, sai mun ji daga bakinsa."

Shi ke nan, na samu abin yi. Da yamma in na tsallaka gada na isa Omdurman, sai na ɗauki ludayi na kara a baki na tsare ƙofa. Matata za ta kasuwa, sai ta tabbatar. Akuyar maƙwabta ma ba ta tsira ba. Gidan yana cike a lokacin, dariya ba ta wuya.

Mahaifina da ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, gonakin audugar Jazira suka riƙe shi, mu 'ya'yansa kuma muka ƙarasa ɗaure shi. Da ya tsufa, yayyena suka haɗa masa tafiya, likita kuwa ya ce tafiya ɗaya kawai jikinsa zai ɗauka: ko Makka, ko gida inda ƙanwarsa take raye tana aiko saƙo. Ya kasa zaɓa. Akwatinsa na kwano yana ƙarƙashin gadon igiya, a ɗaure.

Ran nan yana zaune da abokansa tsofaffi, na zo da ludayina.

"Jirgin Baba, jirgin Baba! Tabbatar mana, gabas ko yamma?"

Tsofaffin suka tuntsire. Ɗaya ya ce, "Wannan jirgi ai tayarsa ta sace tun zamanin Ingilishi!"

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ajiye kofinsa, ya miƙo hannu na ba shi ludayin. Ya juya shi, ya kara a bakinsa yadda nake yi.

"To, mai hasumiya. Shi matuƙin naku, in ya ce gabas, akwai wadda ya bari a yamma tana jiransa?"