Babur Ɗin Baba da Hannun Auta

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai," yake cewa, ko "wannan yaron", har furfura ta fito mini a gemu. Na san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Amma sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Baba yana da wani tsohon babur ja da ya daɗe yana cin kasuwannin Gangara da Agiye a kansa, yana sarin gyaɗa. Da idanunsa suka fara hazo, sai ya sa na tura shi ɗakin da muke ajiye harawa. Kafin a rufe ƙofa ya sa aka cika tankin fal da mai. "Ba a ɗaure doki da yunwa," in ji shi. Tun daga nan ni nake kula da shi. Ni nake lulluɓa masa tabarma, ni nake korar kaji, ni nake ɗora shi kan duwatsu da damina. Ranar kasuwa kuwa in ɗaura wa shanu amalanke in kai Baba, yana zaune can baya ya ba ni ƙeya, har mu je mu dawo ba wata doguwar magana.

Wata shekara bayan girbi autanmu ya zo gida daga Maradi, inda yake kanikanci. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Baba, wai ina moton nan naka?" Na ga fuskar tsohon ta washe, irin washewar da ban taɓa samu ba ko ranar da na cika masa rumbu biyu da gero.

Muka fito da babur ɗin ƙarƙashin bishiyar bedi. Auta ya yi ta bugawa, ko tari bai yi ba. Ya shinshina tankin ya yamutsa fuska, sannan ya kwance kabureta, wato ɗan kaskon da ke haɗa mai da iska, ya buɗe cikinta. Man ya bushe ya kama jiki, ja-ja kamar ƙaro.

"Baba, abincin dokin naka ne ya shaƙe shi," in ji Auta. "Wa yac ce maka ana aje moto da mai ciki?"

Na ɗauke numfashi ina jiran faɗa. Sai Baba ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Da ni na faɗi haka, da sai an kira baffanninmu sun yi mini nasiha.

Aikina a ranar shi ne miƙo kaya. "Yaya, kawo kwano. Yaya, riƙe nan." Ya jiƙa ƙananan ƙarafan cikin sabon mai, ya zare siririyar waya ɗaya daga igiyar birki yana tsokale ramin jiklar, ɗan ƙarfen da mai ke bi, mai ƙofa kamar ta allura. Ya hura, ya ɗaga wa rana, ya sake hurawa. A bututun iska ya tarar zanzaro ya yi ginin laka, ya kankare. Duk abin da ya wanke sai ya ɗora a tafin Baba, shi kuma ya shafa da yatsa ya faɗi sunansa. Kawunansu har suna gogar juna. Ni ina tsaye da kwano a hannu, kishi yana cina kamar in kifar da shi in tafi gona.

Da la'asar ya mayar da komai, ya goge buji, wato fulogi, ya buga. Babur ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Baba ya karkata kunne. "Rage kaɗan, Auta. Kaɗan kuma. Yawwa, nan ne muryarsa."

Washegari kasuwar Agiye ke ci. Na tashi da wuri na ɗaura wa shanu amalanke kamar kullum. Ina fitowa na tarar Baba ya sa babbar rigarsa, ya hau bayan Auta, ya zagaye ƙugunsa da hannu biyu, ya kwantar da kai a kafaɗarsa. Suka wuce ni. Na kwance shanun na mayar da su turke.

Da Auta zai koma Maradi ya damƙa mini makulli. "Yaya, kullum da safe ka tashe shi ya ɗan yi gudu, in ba haka ba man zai sake kamawa." Na ji daɗi a ɓoye, don na iya tuƙi sarai. Ranar kasuwa ta zagayo, na goge babur ɗin tas, na kawo shi ƙofar zaure, ina zaune a kai na ce, "Baba, bisimilla."

Ya miƙo hannu ya laluba kujerar. Yatsunsa suka taɓa bayana, sai ya janye da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Kai," ya ce a hankali, "tahi ka ɗauro shanu."

Har yau kowace safiya ni nake fito da babur ɗin in buga shi. Baba yana zaune kan tabarma, ya karkata kunne yana murmushi. Idan injin ya daidaita sai ya gyaɗa kai ya ce, "Allah shi yi wa Auta albarka." Ƙafata tana kan abin bugawar, nakan ce amin.