Layar da Kakana Ya Dawo da Ita

Danshin ɗakina na unguwar Small Heath a Birmingham ne ya cinye fatar layar. Kakata ce ta rataya min ita ranar da zan taho karatu Ingila. Ta ce da ita kakana ya dawo daga yaƙin Turawa lafiya lau, ni ma ita za ta dawo da ni. Ta kuma ja min kunne kada in kuskura in buɗe.

Ni da ba na jin magana, da ɗinkin ya saki sai na ƙarasa shi da reza. Babu aya, babu hatimi. Wata 'yar takarda ce ruwan ƙasa mai kama da tsohon kuɗi, da rubutun boko da lamba. Ashe tsohuwar ta tsince ta ne a aljihun kakin sojan kakana, ta ɗauka rubutun malamai ne, ta kai wa baduku.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Hukumar birnin ta rufe laburaren da nake ɗan aiki, tafiya gida ta yi ta ɗaguwa har shekara uku. Da na ji ana baje kolin tsofaffin kuɗi a Manchester na hau bas, raina na raya min na samu kuɗin jirgi.

Wani dattijon Bature ya duba ta da gilashi. Ya ce kuɗin kantin fursunonin yaƙi ne, da shi suke sayen shayi da taba, daga an fita sansanin kuwa ba ya sayen ko ashana. Wataƙila wani fursuna ne ya bai wa kakana lokacin da yake gadinsu. Sai ya nuna min hujin basilla a gefe.

"Wa ya yi wannan ɓarnar? Da ta yi daraja."

Haushi ya kama ni, na fizge abata. Har Birmingham ina kewar tsohuwar nan kamar in yi kuka.

Ranar Juma'a kakata ta sa aka kira ni a waya.

"Maigidan, ka yi amarya ne a can ka manta da ni? Layar tana nan?"

"Tana nan, Hajiya."

"To shi ke nan, za ka dawo."

Ta rasu kafin damina, ban je ba. Na samo fatar tsohon walat na ɗinke ta da kaina, ɗinkin duk a karkace. Har yau tana wuyana.