Lauyan da Ya Tona Asirin Ciwona

A lokacin ina soya kifi a bakin tabkin Madarumfa, aurena ya mutu, ɗiyata guda ce sanyin idona. Da ubanta ya ce zai karɓe ta, magana ta kai jastis, wato kotu, sai yayana ya samo mini lauya a Maradi. Ranar da na fara zuwa wurinsa ya ce kar in ɓoye masa komai, wai lauya kamar likita ne. Na saki jiki na faɗa masa abin da ko tsohon mijina bai sani ba, cewa tun bayan rabuwarmu farfaɗiya ke kada ni, ina shan magani a ɓoye.

Ranar shari'a wan tsohon mijina ya miƙe gaban alƙali ya ce mai faɗuwa kusa da kaskon mai ba ta iya riƙon yarinya. Har sunan maganina ya kira. Lauyana ya sunkuyar da kai. Aka ba su ɗiyata. Labari ya gama kasuwa, masu sayen kifina suka watse, wai ciwon ana ɗauka. Daga baya wani direban garin Ɗan Issa ya gaya mini lauyan nan shi ke tsaya wa wan tsohon mijin nawa a rigimarsa da duwan, wato 'yan kwastan, kuma shi direban a cikin motarsa ya ji su biyun suna maganata.

Kowa ya ce in haƙura, lauya ba ya hukunta lauya. Ban haƙura ba. Malamar lakwal ɗin ɗiyata, wato makarantar bokonsu, ta ce lauyoyi suna da ƙungiyar da ke tsawata musu, ta rubuta mini ƙara. Muka aika, na ji shiru, na hau mota har ofishinsu a Yamai. Aka ce in dawo, na dawo. Ranar da suka zaunar da mu lauyan ya musanta, direban ya faɗi abin da ya ji. Ni kuwa na ce, "Na kai masa ciwona don ya kare ni, shi ya miƙa wa masu ƙarata." Suka dakatar da shi aiki na wani lokaci. Wata lauya ta ɗaukaka mini ƙara, likita ya shaida magani na riƙe ni, aka maido mini ɗiyata.

Masu sayen kifi har yau ba duka suka dawo ba. Abin da nake nadama shi ne ban tambaye shi ko ya san abokan shari'ata ba kafin in buɗe baki. Ku ku tambaya. In kuma ya ci amanarku, kada wani ya ce muku ba inda za ku kai shi. Ni mai soya kifi na kai nawa.