Mushe Tankari da Katin Hoton Inna

Ku da kuka san Mushe Tankari, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan, kun san ba ya zare kati daga ordinatarsa sai ya yi masa sallama. Ordinatar ɗin wata tsohuwar kwamfuta ce mai ninkewa, mai nauyin tsiya, wadda masu aikin gina rijiyoyi suka bar masa a nan Filinge. A gefenta akwai wata siririyar ƙofa da ake zura kati mai faɗin katin ɗan ƙasa, wani na haɗa ta da layin tarho, wani na ajiye kaya. To kafin ya cire kowanne, sai ya rubuta wa na'urar umarni, ya jira ta yi ɗan kukanta, sannan ya duƙa ya ce wa katin, "To, a sauka lahiya." Da bakinsa fa, a gaban mutane, dattijo mai furfura da ya koyar da lissafi a kwaleji har ya yi ritaya.

Ni Habsu taubashiyarsa ce. Babansa da innata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji ni 'yar mace, don haka "baiwa" yake ce mini, ni kuwa ba abin da ban gaya masa ba yana raye. Yau ma da ba ya nan ba zan rage masa komai ba.

Abin da ya haɗa ni da wannan na'ura tasa hoto ne. Inna, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Mai hoto ya shigo gidan biki, ita ta fice ta ƙofar baya. Sai ranar sunan jikata wata ma'aikaciyar rijiyoyin nan ta zo da kyamara irin wadda ba a sa mata fim, ta ɗauke ta ba shiri. Daminar nan Inna ta rasu. Da matar za ta koma ƙasarsu sai ta ciro ɗan katin kyamarar ta sa mini a hannu, ta haɗa mini da wani babban kati da ake cusa ƙaramin a ciki don ya shiga ƙofar ordinatar. Ta ce fuskar Inna tana ciki, kuma babu ita a ko'ina sai nan.

Na kai wa Tankari katin. Ya juya katin, ya hura shi, ya ce, "Wanga ai wasan yara ne, baiwa. Gobe ki taho ki ga Gwaggo."

Na je goben. Ya zura kati, na'ura ta yi wani kuka mai kauri irin na ƙin yarda, allo bai nuna komai ba.

A nan ne ya zaunar da ni ya yi mini lakca, don mutumin ko gaisuwa ka yi masa sai ya mayar da ita darasi. Shi ba ya amfani da tsarin da ke cikin kwamfutocin ofis. Wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da faifan wani tsari daga Yamai, Linuks, ya ce kyauta ne, kuma duk duniya ba kalmar da Tankari ke so kamar kyauta. Ya ce a can cikin tsarin akwai ƙwaya, noyo, ita ce maigidan na'ura. Kowane kati baƙo ne mai yarensa, kuma maigida ba ya jin baƙo sai da tafinta, wanda su suke kira pilot. Idan tafintan kati ba ya cikin noyo, ko shekara katin ya yi a ƙofa ba mai tanka masa.

Na ce, "To sa masa tafintan mana."

Ya ce, "Sai an sake dahuwar noyo tun daga hwari."

Dafuwar nan ita ce aikinsa kuma ita ce jarabarsa. Na'ura takan jero masa tambayoyi, a sa tafintan kaza ko a bar shi, shi kuma ya zauna a kan tabarma yana amsawa da murya kamar alƙali. "Muna da wanga? Ba mu da shi. Waje. Wanga hwa? Waje. Ba ni ciyar da tafintan da ba shi da baƙo." Kun san mutumin da ke tsaga ashana biyu ba zai bar wa na'ura abin da ya ga ɓarna ne ba. Wata rana rowar ta kai shi ya kori tafintan maɓallan rubutu. Na'ura ta tashi fes, cikin ƙiftawar ido, ya dube ni yana ƙasaita.

"Kin ga sauri, baiwa?"

Ya danna maɓalli, shiru. Ya danna wani, shiru. Matarsa Zali tana tankaɗe a gefe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Sauri kam ta yi. Amma ka maishe ta kurma, yanzu kun zama ku biyu a gidan."

Lokacin zamanin soja ne. Wani kapitan da aka kawo garin ya ji labarin tsohon da ke hira da inji, ya zo kallo da mutanensa. Ina nan zaune, katin Inna yana cikin ƙofa, Tankari yana ta gwaje-gwajensa. Kapitan ya ga abu ya ɗan leƙo daga gefe, ya kai hannu zai fizgo. Wallahi ban ga lokacin da Tankari ya ɗauki regil ɗinsa na katako ba, rular nan ta ja layi, sai ƙarar saukarsa na ji a bayan hannun mutumin.

"Gidanku haka aka hidda baƙo, a jawo shi ta wuya shina cikin magana? In abin da ke ciki ya lalace kai za ka maido shi?"

Na ce a raina shi ke nan, ga hoto bai fito ba, ga taubashi za a kai bariki. Kapitan ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya dubi regil ɗin, ya ce a hankali, "Mushe, har yanzu ba ka yar da abin ga ba?" Ashe tsohon ɗalibinsa ne, a aji ya sha regil ɗin shekarun baya. Tankari ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Kai ma har yanzu ba ka bar taɓa abin da ba a ba ka ba."

Soja suka koma bariki, aka yi zaɓe, farar hula suka hau, katin Inna yana nan jiya i yau. Haƙurina ya ƙare. Na je na ce ya ba ni kayana in kai Yamai, an ce masu wankin hoto na can kafin ka sha ruwa sun fitar.

"Yamai?" in ji shi. "Yaran ga su zura shi, inji ya tambaye su ko a share, su danna e don ba su tsayawa karatu. Ki rasa Gwaggo sau biyu."

Maganar nan ta tsorata ni ƙwarai, amma duk da haka na yi niyyar sace katin. Na bi gwangwanin goronsa, na bi aljihun rigunansa, Zali tana yi mini gadin ƙofa. Ba mu samu ba. Daga baya muka gane cikin naɗin hularsa yake ɓoye shi, shi ya sa ko aski ya je hular tana kan gwiwarsa.

Ga kuma kuran, wutar lantarki. Dafuwa ɗaya tana cin hantsi har la'asar, batirin na'urar ya mutu tun tuni, wuta kuwa ba ta ɗaukewa sai tukunya ta kusa nuna. Da abin ya ishe shi sai ya tuna masu rijiya sun bar masa igiyar da ake haɗawa da mota. Ya tafi tasha ya roƙi wani direba ya bar masa mota a kunne. Direba ya ce shi kasuwar Abala za shi, ba zai tsaya ba. Tankari ya ce to a tafi. Haka ya zauna a gaba, ordinatar a cinya, rubutu yana ta gudu a allo, awaki suna kuka a baya, yana yi wa direba faɗa duk ramin da ya faɗa. A Abala bai sauka ba, ya hana a kashe mota, ko ruwa daga taga aka miƙa masa. Suka dawo da yamma ya yi buɗu-buɗu, dafuwa ta kammala lafiya. Muka taru, ya zura kati, na'ura ta yi kukan nan nata mai kauri.

Ya ce hanyar ce ta girgiza noyo. Kafin nan ya zargi zafi, ya zargi waɗanda suka ƙera katin, ya zargi idona da ya ce ya cika kallo.

Ni dai na fid da rai. Na daina zuwa gidan, na fara jin haushinsa da gaske, ba na wasan taubasai ba. Fuskar Inna ta fara ɓace mini, in rufe ido in ga zanenta da tafiyarta amma ban ga idonta ba, abin yana ci mini rai.

Sai wata safiya ga shi a ƙofar gidana da kansa, Zali a bayansa tana danne dariya.

"Baiwa, an kama ɓarawo."

"Wa ne?"

"Ba a hwaɗin sunan manya."

Zali ta ce, "Shi ne."

Ashe tafintan katunan ajiya yana cikin waɗanda ya kora da hannunsa tun farkon zuwan na'urar, lokacin ba shi da irin katin. Duk dafuwar da ya yi ta yi, yana canza wancan yana canza wannan, amma bai taɓa komawa ya duba amsoshinsa na farko ba, don a ganinsa malamin lissafi ba ya gyara takardar kansa. Sai da ya rasa wanda zai zarga sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da nasa "waje" zaune a wurin. Ya mayar da tafinta, ya sake dafuwa, amma ya ƙi gwada katin sai ina nan.

Muka zauna a zaurensa. Ya ciro kati daga hula, ya yi bisimilla, ya zura. Na'ura ta yi kuka siriri sau biyu. Ya rubuta wani abu, hoto ya fara saukowa daga saman allo a hankali. Bangon gidanmu, sai kallabi, sai goshi.

Ga Inna. Mayafi ya zame, baki a buɗe, ido a zare, ta ɗaga hannu da cokalin miya tana yi wa mai kyamara masifa. Duk tsawon jiran da muka yi, faɗa muka tarar tana yi. Zali ta fara, ni na kama, muka yi ta dariya har na riƙe ciki, don wallahi da ta zauna ta yi kyau ta yi murmushi da ba ita ba ce.

Sai na lura Tankari ba ya cikin dariyar. Ya sa bakin hannun rigarsa yana goge allon, wurin da ba ƙura. Inna ce ta goya shi da innarsa ta rasu yana jariri, na sani, amma ban taɓa kawo wa raina cewa shi ma jira yake yi ba.

Ya ce, "Kin ga hannun ga? Da shi taka ba ni tuwo, da shi taka marina." Hawaye suka bi gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Na matsa kusa da shi, muka zauna muna kallon tsohuwarmu, ban tsokane shi ba ko da kalma ɗaya.

Bara ya bi ta, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya gaya muku. Allah ka ji ƙan Tankari, ka yafe masa taurin kansa, ka haskaka kabarinsa. Ka sada shi da Gwaggonsa cikin rahamarka, ya gan ta ido da ido, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.