Lawali, wace irin rashin lafiya ce?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni a waya: Lawali ya rasu a Amurka.



Tare muka yi lakwal, makarantar boko, nan Dakoro, benci ɗaya, kafin babanshi ya ɗauke shi zuwa can. Ya zama ɗan wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana karo da juna. Mai tsaron baya ne, shi ke bin wanda aka jefa ma ƙwallo, ya cafke ta a sama ko ya kai mutum ƙasa.

Suna bai canza shi ba. Da matata ta kwanta asibiti a Maradi, kullum sai ya kira, ko da daga filin horo yake. Takalman da yaran unguwarmu ke wasa da su, shi ya aiko.

Bara ya zo gida. Muka kama hanyar Birnin Lalle gaida kawunshi. Muna cikin tafiya ya juyo ya ce, "Mamman, wai ina za mu?"

Na ɗauka wasa yake. Da muka isa, har cikin ɗaki ya ƙi cire tabarau, wai haske na damun shi. Na matsa mishi, sai ya ce, "Kaina ke ƙara kamar injin niƙa. Likitan ekip, ƙungiyar ƙwallonmu, ya ce gajiya ce."

Yana komawa suka maida shi fili.

Yau ekip ɗin ta rubuta wai gajeriyar rashin lafiya. Wace iri? Na kira wakilinshi, kafin in gama gaisuwa ya ce kada dangi su yi magana da 'yan jarida. Ni ban ambaci jarida ba. Matarshi ta ce mini ta nemi a duba ƙwaƙwalwarshi, ana ta lallashinta ta bari.

Na san kwanan kowa ƙidayayye ne. Amma ɗazu Inna, mahaifiyarshi, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kai da kake jin maganar mutanen can, me ya same shi?"

Allah ya jiƙan ka, Lawali, ya haskaka makwancinka. Allah ya ba matarka ƙarfin tsayawa har a duba, ya sanyaya zuciyar Inna.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mishi addu'a.