Shafin da ban gama ba

Shekarun baya, shekarar da iskar farkon damina ta tuge dogon yaron ƙofar gidanmu a Ƙofar Marke, na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemuna. Dukanci na gada, basilla ta san hannuna, amma fensir sai da muka sha kokawa.

Da na fara haɗa baƙi, sai na gaya wa malaminmu burina. Mahaifina ya bar zane-zanen fata da kusan babu mai yin su yanzu, kuma mahaifiyata kaɗai ta rage da sanin sunan kowanne, don ita ke yi masa ɗinkin cikin gida. Ina son in ajiye su inda ba za su ɓata ba. Malam ya ce wayata ta isa. Ya buɗe min shafi a intanet kyauta, ya nuna min inda ake sa hoto da murya, da wurin da ake dannawa duniya ta gani.

Na bi gidajen dangi har Runjin Sambo ina ɗaukar hoton tsofaffin jakunkuna da alabe na zuba kuɗi da kuben wuƙa. Kowace la'asar in zauna gaban Inna in nuna mata hoto, ta faɗi sunan zanen da wanda aka yi wa, ni kuwa ina naɗar muryarta. Daga baya in rubuta a waya, harafi bayan harafi.

Amma ban ɗora komai a shafin ba. Mahaifina ya hore mu cewa baduku ba ya fitar da aikin da bai goge ba, ko mai kaya ya zo da kuka. Malam ya yi ta faɗa min cewa shafi ba jaka ba ne, ana gyara shi ko bayan an fitar. Sai in ce to, in koma in ci gaba da goge-gogena. Wata bakwai shafin yana nan fayau, sai sunan sana'a.

Matata ta yi firamare, kuma don burga na taɓa nuna mata yadda ake ɗora abu a shafin. Wata Juma'a na bar wayar a caji na tafi masallaci. Na dawo na tarar ta ɗora hoton alabe guda, da rubutuna yadda yake, da muryar Inna. Wadda ta zaɓa ma ita ce wadda Inna ke min faɗa a ciki don na riƙe hoton a kife.

Na tambaye ta wa ya sa ta.

Ta ce, "Maigida, wanga aiki naka sai jikokinmu su yi furfura ba ka goge shi ba. Mi kake jira?"

Kwana biyu ina cin tuwonta ina kumburi. Na yi niyyar cirewa, sai na ga ban san yadda ake cirewa ba, kuma kunya ta hana ni tambayar malam.

Inna ta rasu bayan babbar sallah. Ba a yi wata biyu ba na je majema zaɓen fata, na sunkuya kan kwatarniyar ruwan bagaruwa, wayar ta zame daga aljihun gaba. Mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce wannan ta jemu.

Da na sayi wata, malam ya shigar da ni shafin. Alaben yana nan. Na danna, sai ga Inna tana dariya tana cewa, "Juya shi mana, ɗan nan, ubanka bai yi shi da ƙafa sama ba." Matata na bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ranar na sayo mata tsire.

Har yau ba na fitar da jakar da ban goge ba. Shafi kuwa, ranar da na rubuta ranar nake ɗorawa, shi ya sa kuke ganin kurakuraina.

Abin da ruwan bagaruwa ya ci: waya ɗaya, hotuna arba'in da ɗaya, muryar Inna ashirin da shida. Hotunan na sake ɗauka. Muryar, ɗaya ta rage.